Lamba Ɗaya, Kwas Biyu: Nazarin Abin da Ya Sami Wata Ɗaliba 'Yar Argungu Tsakanin Tsohuwar Manhaja da Sabuwa

A tsohon kundin manhajar jami'o'in Najeriya, wanda ake kira BMAS, kwas mai lamba GST 112 na lojik da falsafa ne, GST 113 kuma na al'ummomin Najeriya da al'adunsu. Da sabon kundi CCMAS ya zo, sai aka ɗauke lambar 112 aka liƙa wa kwas ɗin al'ummomi da al'adu, aka tura lojik da falsafa aji biyu da lamba GST 212. Wanda bai taɓa zama gaban takardun sakamako ba zai ga kamar ba komai ba ne. Amma a sashen kimiyyar kwamfuta da nake riƙe da aikin jami'in jarrabawa, wannan musayar lamba, haɗe da wasu yunit biyu da suka salwanta a kwasa-kwasan lissafi, saura ƙiris ta ƙara wa wata ɗaliba shekara guda cur a makaranta. Wani ɗan ajinsu kuwa bai tsira ba.

Ba zan ambaci jami'ar ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba. Sauyin ya shafi kowace jami'a a ƙasar nan, kuma 'ya'yan Kabi da ke karatu a Birnin Kebbi, Aliero, Zuru, Sakkwato ko Gusau duk kundi ɗaya ke hukunta su.

Abin da aka sauya

Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da CCMAS a watan Disamba na 2022, lokacin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed yana shugabancinta, domin ya gaji BMAS da ake aiki da shi tun 2007. An kasa shi fannoni 17. Babban abin da ya raba shi da na da shi ne rabon 70 da 30: hukuma ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar a kowane digiri, kowace jami'a ta cike ragowar 30 da abin da ya dace da yankinta da ƙarfin malamanta. Mafi ƙarancin abin da ake nema a digiri mai shekara huɗu yunit 120 ne, ke nan 84 daga Abuja, 36 daga gida. Yunit ɗaya shi ne lacca ta awa guda a mako har tsawon zango, kuma ɗalibi ba ya yin ƙasa da 15 ko sama da 24 a zango ɗaya.

Kwasa-kwasan gama-gari, waɗanda kowa ke yi komai fanninsa, su aka fi yi wa aski. Suka koma shida masu yunit bibbiyu: GST 111 na Turanci, GST 112 da GST 212 da na ambata, GST 312 na zaman lafiya da sasanta rikici, sai ENT 211 da ENT 312 na sana'a da kafa kasuwanci. Turanci kashi na biyu, wanda tsohon kundi ke kira GST 122, ba ya cikin shidan. A namu ɓangaren, kwamfuta ta zama fanni mai cin gashin kansa, aka fitar da tsaron intanet da kimiyyar bayanai da sauransu a matsayin digiri daban-daban, kwasa-kwasan farko suka tashi daga CSC suka koma COS. Su kuma kwasa-kwasan lissafi, MTH 101 da MTH 201, da muka saba koyarwa da yunit uku-uku, suka sauko biyu-biyu.

An sa watan Satumba na 2023 a matsayin lokacin farawa, daga aji ɗaya. Kowace jami'a ta shiga gwargwadon inda kalandarta ta kai, don yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba na 2022, ya riga ya hargitsa kowa. Ƙa'idar a takarda tsaf take: sababbi su bi sabo, tsofaffi su ƙarasa tsoho.

Sai dai ɗalibi mai kari-oba, wato kwas ɗin da ya faɗi zai sake, ba a aji ɗaya yake zaune ba. Jikinsa yana aji biyu, bashinsa yana aji ɗaya. Zubin ƙarshe na tsohuwar manhaja kuwa, sabuwar tana biye da su da tazarar shekara guda tak. Duk kwas ɗin da ɗayansu ya faɗi ko ya jinkirta, in ya waiwayo zai tarar an canza shi, ko an rage masa nauyi, ko an share shi ɗungurungum. Wannan ne a wajenmu ba a zauna an yi wa tanadi ba.

Yadda abin ya ƙullu

Ɗalibar tana cikin wannan zubi na ƙarshe. 'Yar wani manomin shinkafa ce daga wani ƙauye a fadamar Argungu, kuma ita ce mace ta farko a gidansu da ta shiga jami'a. Shekararta ta farko an yi ta ne a guje, ana ƙoƙarin cike giɓin yajin aiki. Ta faɗi MTH 101 a zangon farko, ta faɗi GST 112 na lojik a zango na biyu. GST 113 na al'ummomi da al'adu kuwa ta cinye shi. Kari-oba biyu a aji ɗaya ba abin tayar da hankali ba ne. Da yawa cikin waɗanda muke yayewa da sakamako mai kyau da haka suka fara.

Tana shiga aji biyu sababbin ɗalibai suka zo da sabuwar manhaja. Fotal ɗin makaranta, wato shafin intanet da ake rajista a kai, da lamba yake gane kwas, ba da suna ba, kuma lamba ɗaya ba ta ɗaukar kwas biyu. Da aka ba masu kula da shi sabon jadawalin aji ɗaya, sai suka ɗora sabon suna da sabon yunit a kan kowace tsohuwar lamba. Ta buɗe shafinta ta ga bashinta guda biyu yana jiran ta, MTH 101 da GST 112, ta yi rajista, ta kai takardar wajen malami mai kula da ajinsu ya sa hannu ya buga hatimi.

MTH 101 ta maimaita shi tare da sababbi, ta ci, aka rubuta mata yunit biyu a inda littafin sashe na zubinsu ke neman uku. Ga kuma sharaɗin sashe: ba a hawa MTH 201 sai an sauke lissafin aji ɗaya. Don haka ba ta yi shi tare da 'yan ajinsu ba, sai da ta kai aji uku, lokacin shi ma sabuwar manhaja ta cim masa ya koma yunit biyu. Yunit ɗaya nan, ɗaya can, ba wanda ya lura.

Na GST 112 shi ya fi ban takaici, domin ita ta lura. Ta shiga babban ɗakin lacca tana jiran a fara maganar hujja da natija, sai ta ji malami yana bayanin sassaƙen Nok da daular Kanem-Borno da haɗewar Kudu da Arewa a 1914, abin da ta riga ta zauna wa jarrabawa bara. Ta je ta tambaya a ofis biyu. A na farko aka ce ta koma sashenta. A na biyu aka ce abin da fotal ya ba ta shi za ta yi, kada ta jawo wa kanta matsala. Yarinya 'yar aji biyu ba ta da bakin ja da ofis. Ta zauna ta sake karanta abin da ta sani, ta sami B, fotal ya wanke ta daga bashi. Shi kuwa ainihin lojik, a shekara mai zuwa ya dawo da sunan GST 212 a zango na biyu, daidai lokacin da ita take can wajen koyon aiki na wata shida da 'yan aji uku ke tafiya. Ko da tana nan ma, ba abin da zai nuna mata cewa nata ne.

Yadda aka gano

Al'adar aikinmu ce, bayan jarrabawar zangon farko na aji huɗu a bi fayil ɗin kowane ɗalibi a ga abin da ya rage masa. Wasu suna wadatuwa da abin da fotal ya fitar. Ni na gaji ɗabi'ar wanda ya koya mini aikin: sai na ɗauko manyan takardun sakamako da sanet, majalisar ƙolin karatu ta jami'a, ya amince da su, waɗanda ke ɗaure a kabad shekara-shekara, na shimfiɗa su kusa da na kwamfuta, in bi layi-layi da rula. A shafinta sai ga suna ɗaya ya fito sau biyu, al'ummomin Najeriya da al'adunsu a GST 113, ga shi kuma a GST 112. Lojik ko alamarsa babu. Na koma takardar shekarar da ta shigo, can ga F ɗinta a ƙarƙashin lojik da falsafa, ba a taɓa goge shi da komai ba.

Na sa aka kira ta. Ta zo da wata baƙar leda a cikin jakarta, ta zaro takardun rajistarta tun na zangon farko, a ninke, gefensu ya fara yin ja. Ta ware na aji ɗaya ta ajiye, ta ware na aji biyu ta ajiye kusa da shi. Lamba ɗaya, suna biyu, kowanne da sa hannun malami da hatimin sashe.

"Malam, ni dai abin da fotal yab ba ni shi niy yi," in ji ta. "Na tambaya, anka ce in tafi in yi. To yanzu mi za a yi?"

Lissafin da na yi mata a bayan wata takarda shi ne wannan. A ganin fotal, yunit biyu kacal suka rage ta cika jimillar da aka gindaya wa zubinsu, don ya cire ɗaya-ɗaya na lissafi biyu da biyu na lojik, ya kuma ƙara mata biyu na kwas ɗin da ta maimaita. In aka ƙi ƙirga maimaicin, giɓin ya zama huɗu. In ta yi GST 212 aka kuma ƙirga maimaicin, ta cika cif. In ta yi shi aka ƙi ƙirgawa, har yanzu da sauran biyu. Sannan ga wani ƙarfen ƙafa: rajistarta ta zangon ƙarshe ta riga ta kai yunit 23, har da shida na kundin bincike. Ƙara GST 212 zai kai ta 25, ta haura iyakar 24. An kuma rufe ƙari da ragin kwas, lacca ta yi nisa.

A wannan makon kawunta ya zo, tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, shi ke bin maganar karatunta tun tana firamare. Ya tsaya bakin ƙofa sai da aka ce ya shigo, ya cire takalmi duk da na ce ya bari.

"Allah shi gafarta Malam, mu ba mu san kan abin ga ba. Ubanta shinkafa yas saida zango-zango har munka kawo nan. An tsaida maganar aurenta sai ta ƙare. In anka ce ta ƙara shekara, wallahi ban san ko gida za su yarda ta dawo ba."

Masu tsara ƙa'ida a kan tebur ba kasafai suke jin wannan ba. Sifil-oba, wato ƙara shekara bayan 'yan aji sun fita, a wajen wani ɗalibi kuɗin rajista ne da hayar ɗaki da ɗan jin kunya. A wajen yarinya irin wannan yana iya zama ƙarshen karatun baki ɗaya, da digirin a bakin ƙofa. Na ce masa, "Baba, a ba mu lokaci, ba laifinta ba ne," ban kuma yi masa alkawarin da ba ni da ikon cikawa ba.

Kafin a kai maganar gaba na bi sauran fayilolin zubin. Ashe ba ita kaɗai ba ce. Masu giɓin yunit ɗaya ko biyu a lissafi da fiziks sun fi yawa, masu ruɗanin GST 112 kaɗan ne, sai wasu 'yan tsiraru da bashinsu ya ɓace daga fotal gaba ɗaya saboda lambar ba ta wanzu a sabon jadawali.

Zaman sashe

A nan kai ya rabu. Wani babban farfesa, mutum mai tsantseni wanda nake girmamawa, ya ce doka doka ce. An ba kowane ɗalibi littafin sashe ranar da ya shigo, sunan kowane kwas da nauyinsa na ciki, kuma ita ta sa hannu a rajistarta. Ta dawo baɗi ta biya abin da ake bin ta. Ya ce in aka fara ɗaga ƙafa yau, gobe kowa zai zo da nasa uzurin. Wata malama ta tambaye shi, cikin ladabi, hatimin da ke ƙasan sa hannun yarinyar fa na wane ne? Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci.

Wani matashin malami ya kawo akasin haka: a yafe mata lojik kawai. Hujjarsa tana da daɗin ji. Ɗalibin kwamfuta ya yi jadawalin gaskiya da ƙarya a lissafin kwamfuta da tsarin da'irar lantarki, wanda ya fi abin da ake koyarwa a GST zurfi ta wannan fuska. Amma kwas ɗin ba lojik kaɗai ba ne, akwai falsafa da ɗabi'a a ciki, kuma mafi muhimmanci ba mallakin sashenmu ba ne balle mu yafe. Shugaban sashe ya tuna mana cewa in masu tantancewa na NUC suka zo, fayil suke zara a duk inda hannunsu ya faɗa. Su tarar an yaye ɗaliba da F a kwas na dole, ba ita za a tuhuma ba, shirin digirin ne zai shiga uku.

Shawara ta uku ita ce a sake buɗe tsofaffin kwasa-kwasan don 'yan baya, da tsohon sunansu da tsohon nauyinsu. Wannan ita ce ta fi tsabta a ƙa'ida, ita ce kuma aka fi saurin kashewa. Cibiyar kwasa-kwasan gama-gari ta ce malaman da take arowa daga sassa ba su ishe ta ajin da ake da shi ba, balle ta buɗe wani don mutum kaɗan. Sashen lissafi ya ce ba zai koyar da MTH 101 iri biyu a zango ɗaya ba. Masu fotal suka ce su abin da aka miƙo musu shi suke ɗorawa, kuma ba wanda ya ce musu a ajiye tsohon jadawali. Ofishin tsare-tsaren karatu ya ce jadawalin daidaita tsoho da sabo daga tsangayoyi ya kamata ya taso. Tsangaya ta ce ba a nema ba. Kowa ya faɗi gaskiya daidai bakin ƙofarsa.

Ga abin da na gani, na kuma faɗa a zaman. Ba a canza wa mutum mudu bayan an fara awo. Jami'a ce ta rage MTH 101 daga uku zuwa biyu, ba ɗaliba ba; ta zauna wa kwas ɗin da aka buɗe, ta ci. Neman yunit ɗin da ba a koyar da shi ba a wajenta zalunci ne, ko da ba da gangan aka yi ba. Maimaicin ma da izinin makaranta ta yi shi, ta ɓata zango a kansa, don haka a ƙirga mata shi a gurbin kwas na zaɓi. Amma lojik bashi ne na gaske. Ta faɗi shi, ba ta biya ba, kuma in aka yafe shi an cuci waɗanda suka zauna suka ci. Abin da ya kamata a ɗaga mata shi ne iyakar 24 da ranar rufe rajista, ba kwas ɗin kansa ba.

Bari in ɗan ratse. A 2023 ƙungiyarmu ta ASUU, ƙarƙashin Farfesa Emmanuel Osodeke, ta yi watsi da CCMAS, ta ce ƙwace ne aka yi wa sanet na kowace jami'a, wanda doka ta ba shi ikon tsara abin da za a koyar. Ina cikin masu ganin akwai ƙamshin gaskiya a maganar, musamman a fannonin da kashi 70 ɗin ya matse kwasa-kwasan tushe. Amma a wannan lamari ba Abuja ce ta ɗaure mana hannu ba. Cewa kaza a tsohon kundi daidai yake da kaza a sabo, aikin sanet ne tsantsa, takarda ce da ba ta fi shafi uku ba. Mun kwashe watanni muna gardamar 70 da 30, muna rububin cusa kwasa-kwasanmu a cikin yunit 36, kowane malami yana tsoron kada a bar nasa a waje, amma ba wanda ya ɗaga hannu ya tambayi makomar yaran da ke da bashi a tsohon jadawali. Ikon da muke kukan an ƙwace, ɗan abin da ya rage a hannunmu ma ba mu yi aiki da shi ba sai da wuta ta kama.

Yadda aka warware

Sashe ya rubuta takarda zuwa tsangaya, da jadawalin daidaitawa a maƙale: tsohuwar lamba, tsohon suna, tsohon yunit, sai abin da ya yi daidai da shi a sabo. Irin wannan takarda sai ta bi ta majalisar tsangaya, ta bi ta kwamiti, sannan ta shiga sanet, kuma kowanne da ranar zamansa. Da an jira ta, da jarrabawa ta wuce. Shugaban tsangaya ya yi abin da ya dace, ya ba da izini a rubuce cewa masu wannan matsala su shiga laccar GST 212 su kuma zauna jarrabawa, amma sakamakon ba zai ƙirgu ba sai sanet ya amince. Cibiyar GST ta shirya musu gwajin da ya wuce su. Ɗalibar ta ari littafin rubutun wata 'yar aji biyu, tana haɗa kundin bincike da rana, tana bitar ƙa'idojin hujja da dare. Ta sami C.

Sanet ya amince da kusan duk abin da aka nema. Wanda ya maimaita kwas a sabon nauyinsa ya sauke shi, kuma a rage masa jimillar kammalawa daidai yunit ɗin da aka rage. Wanda ya maimaita abin da ya riga ya ci saboda ruɗanin lamba, a bar masa makin a matsayin kwas na zaɓi. An bar 'yan ajin ƙarshe su haura iyaka da yunit biyu, sau ɗaya, don wannan dalili kaɗai. An kuma umurci masu fotal su ware tsohon jadawali da wata alama a gaban lamba, abin da da an yi shi tun farko da ba a zo nan ba. Maganar barin maki ba ƙarama ba ce ga wanda matsakaicin makinsa ke bakin iyaka, tsakanin 3.49 da 3.50 ko tsakanin 2.39 da 2.40, inda ɗigo ɗaya ke canza darajar digiri.

Sai dai wankin hula ya kai dare. Kafin sanet ya zauna, an riga an tura jerin sunayen masu tafiya bautar ƙasa, babu nata a ciki. Ta koma gida ta zauna watanni tana jiran rukuni na gaba, 'yan ajinsu suna sansani. Ba ta ƙara shekara ba, ba ta sake biyan rajista ba, kawunta ya kira ya yi godiya mai tsawo. Amma jiran da ta yi ba ita ta jawo shi ba, kuma ba wanda ya ba ta haƙuri da sunan makaranta.

Wanda jadawalin bai kai gare shi ba

Jadawalin daidaitawa yana aiki ne inda tsohon kwas ke da ɗan'uwa a sabo. GST 122 ba shi da shi. Wani ɗalibi daga wajen Yauri, wanda ya shigo jami'a da shekaru bayan ya daɗe yana gyaran waya a kasuwa, ya faɗi shi a aji ɗaya. Da ya zo maimaitawa bai ga lambar a fotal ba sam. Ya tambaya aka ce ya jira za a fitar da sanarwa. Ya yi ta jira har aji huɗu.

An yi gardama a kansa ma. Wasu suka ce GST 111 na yanzu ya haɗiye abin da ke cikin tsohon Turanci na biyu, ya je ya yi shi. Amma ya riga ya ci GST 111 a tsohon tsari, ke nan za a sake faɗawa ramin maimaici da aka fito daga ciki. Wasu suka ce tunda makaranta ta daina koyar da kwas ɗin, ta daina bin bashinsa. Sanet bai yarda da wannan ba, ya ce a shirya musu bita da jarrabawa ta musamman, sau ɗaya, a shekarar karatu mai zuwa. Hakan ya tura ranar kammalawarsa gaba, ta tsallake ranar da ya cika shekara 30. Dokar hukumar bautar ƙasa, NYSC, kuwa a fili take: wanda ya haura 30 kafin ya kammala, takardar ɗauke bauta ake ba shi. Akwai masu murna da ita. Shi dai ya riga ya yi lissafin alawus ɗin naira 77,000 na kowane wata, yana son ya tara ya faɗaɗa shagonsa.

A ganina an tsaurara masa. Ya nemi ya biya bashin tun yana aji biyu, ƙofar ce ba a buɗe ba. Da an shirya jarrabawar a cikin zangon da aka gano matsalar, kamar yadda aka yi wa masu lojik, da ya fita tare da 'yan ajinsu. Na rubuta haka a rahotona, shugaban sashe ya sa hannu ya tura. Amsar da ta dawo ita ce sakamakon da sanet ya rufe ba a buɗe shi.

Aikin bai ƙare da wannan zubi ba. Ƙa'ida ta ba mai digirin shekara huɗu damar kaiwa shekara shida, don haka 'yan tsohuwar manhaja za su ci gaba da zuwa ofis na wani lokaci. Akwai waɗanda suka dakatar da karatu saboda rashin lafiya ko haihuwa ko matsalar tsaro a garuruwansu, za su dawo su tarar ajinsu gaba ɗaya ya koma sabon tsari. Akwai kuma masu shigowa kai tsaye aji biyu da difloma ko NCE a shekarar canjin, waɗanda suka yi kwasa-kwasan sashe a tsohon kundi, na gama-garin aji ɗaya a sabo. Jadawalin da sanet ya amince da shi bai ambace su ba, kuma fayilolinsu su ne na gaba a kan teburina.